Bayahude zai iya zama Balarabe?

Ka tambaya ko mutum zai iya zama Bayahude kuma Balarabe. E, zai iya, Malam. Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru a Bagadaza, Yaman da Maroko, Larabci suke yi a gida da kasuwa. Babban malaminsu Musa bin Maimun, da ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta littattafai da dama, amma da haruffan Ibrananci.

Sai dai ka yi hattara kafin ka kira mutum haka. Tun da Yahudawan Iraƙi kimanin 120,000 suka ƙaura zuwa Isra'ila a 1950 da 1951, siyasa ta raba sunayen biyu. Na taɓa hira da wani jikansu: kakarsa waƙoƙin Bagadaza take saurara tana girki, amma shi Mizrahi, wato Bayahuden Gabas, yake kiran kansa, ka ce masa Balarabe ya ɓata rai.