Amsa ga mai tambayar yadda ake saka mulhidi a ƙagaggen labari

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kina rubuta labarin wani ɗalibin jami'a da ya daina yarda da samuwar Allah, kullum yana ja-in-ja da yayansa wanda ya yi karatun addini, kuma abin ya ɗaure miki kai: in kin ba shi hujja mai ƙarfi kina tsoron a ce kina tallar ilhadi, in kuma kin raunana shi labarin ya yi lami.

Wannan damuwa ta girmi ƙagaggen labari. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a cikin littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal cewa Imam Ahmad bin Hambal ya ga laifin Harisul Muhasibi da ya rubuta raddi ga Mu'utazilawa, wata ƙungiyar aƙida mai fifita hankali. Hujjar Ahmad ita ce, sai da ka fara zayyana shubuharsu kafin ka amsa, to me ya tabbatar maka wani ba zai karanta shubuhar ta zauna masa a zuciya, amsar kuma ta shige masa duhu ba? Gazali ya ce maganar Ahmad gaskiya ce a kan shubuhar da ba ta bazu ba, amma wadda ta riga ta bazu dole a amsa ta, kuma ba ta amsuwa sai an faɗe ta. Ki riƙe wannan ma'auni. Tambayoyin tauraronki su zama irin waɗanda duk mai waya a hannu ya riga ya ci karo da su: me jariri ya yi da yake shan azabar ciwo, ina adalci in an riga an ƙaddara komai, me ya sa yawancin mutane addinin gidan da aka haife su suke bi. Kada ki je ki tono wata shubuha da ba wanda ya san da ita don kawai a ga kin yi bincike. Alƙur'ani da kansa ya hakaito maganar masu inkari, ki duba Suratul Jasiya aya ta 24, inda suke cewa zamani ne kawai ke halaka su, da Suratu Yasin aya ta 78, inda wani ke tambayar wa zai raya ƙasusuwan da suka rududduge. Daga nan ne malamai ke cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne.

Kafin ki sake rubuta ko layi ɗaya, ki yanke wane irin mutum ne yaron nan. Akwai wanda ya ce babu mahalicci gaba ɗaya. Akwai wanda ya ce ba a iya sani. Akwai wanda ya yarda da mahalicci amma ya ƙi annabci. Akwai kuma wanda fushi yake da wani malami ko mahaifi da ya zalunce shi da sunan addini, shi ne ya huce a kan addinin. Kowannensu hujjarsa daban, amsarsa daban. Inda marubuta ke tuntuɓe shi ne su haɗa wa mutum ɗaya duka huɗun, yau ya ce babu Allah, gobe ya ce Allah bai yi masa adalci ba, ba tare da marubuciyar ta lura maganganun sun ci karo ba. In za ki bar shi cikin wannan rikici, ki sa yayan ya kama shi da shi.

Wanda ya fi kowa iya wannan aiki, a ganina, shi ne Dostoyefski na Rasha, a littafinsa na 'yan'uwa 'ya'yan Karamazov, wanda ya fito kashi-kashi a mujalla daga 1879 zuwa 1880. Shi mai imani ne, Kirista, amma hujjar da ta fi kowacce kaifi a littafin a bakin Ivan ya saka ta, ɗan'uwan da ke tawaye. Ivan bai kawo lissafin falsafa ba. Ya zaunar da ƙanensa Aliyosha, almajirin wani dattijon malamin Kirista mai suna Zosima da ake ɗauka waliyyi, a gidan cin abinci, ya dinga jero masa labaran yaran da aka azabtar, har da wani yaro ɗan shekara 8 da wani janar ya saki karnuka suka yayyage shi a gaban uwarsa. Sannan ya ce shi bai ƙi Allah ba, duniyar da aka gina a kan hawayen yaro ce ba zai karɓa ba. Marubucin ya shaida wa editansa cewa labaran yaran ba ƙirƙira ba ne, an wallafa su a jaridu. Kuma ɗansa na cikinsa ɗan shekara 3 ya mutu a 1878, kafin littafin ya fara fitowa. Shi ya sa maganar ke da zafi.

Abin lura shi ne yadda ya amsa. Aliyosha bai kayar da Ivan a wurin ba, har ma ya ɗan zame da aka tambaye shi me za a yi wa janar ɗin, ya ce a harbe shi. Amsar ta zo a kashi na gaba, cikin tarihin rayuwar Zosima, kuma ba ɗaya bayan ɗaya aka bi hujjojin ba. Sauran amsar kuwa al'amuran labarin ne suka ba da ita: Simadiyakof, baran gidan, ya ɗauki ra'ayin Ivan na cewa in babu Allah komai halal ne, ya kashe mahaifinsu, Ivan kuma ya kasa ɗaukar nauyin abin da harshensa ya jawo har kansa ya taɓu. Mai imanin ma bai tsira daga jarrabawa ba, don gawar Zosima ta yi saurin wari, mutanen da ke jiran karama suka yi ta tsegumi, imanin Aliyosha ya girgiza. To ke ma ki girgiza yayan. In tun daga shafin farko har na ƙarshe bai taɓa rasa abin faɗa ba, wa'azi kika rubuta. Littafin Mustafa Mahmud na Masar a kan hirarsa da abokinsa mulhidi haka yake, abokin ya jefa gajeriyar tambaya, marubucin ya yi shafuka yana amsa. Ya yi amfani a fagen da'awa, amma ba tsarin labari ba ne.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa haɗarin. An soki malamin tafsirin nan Fakhruddin Razi da cewa shubuha kuɗi hannu yake kawo ta, amsa kuwa bashi. Wannan ya shafe ki kai tsaye in kina sakin labarin kashi-kashi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Shafi ɗaya za a ɗauka hoto a yaɗa, babu abin da ya gabace shi babu abin da ya biyo baya. Don haka kada ki saki babin da yaron ya zuba hujjarsa sai kin gama rubuta wanda ke tunkararsa, ki sake su tare. Maganarsa ta zauna cikin alamar zance, a bakinsa, kada ta zame ta koma muryar mai ba da labari.

Akwai iyakar da ba a tsallakawa, tarihin Najib Mahfuz, marubucin Masar, ya nuna ta. A Ƙasrush Shauƙ, na biyu cikin littattafansa uku na Alƙahira, wanda ya fito a 1957, wani matashi a labarin mai suna Kamal ya rasa imaninsa, ya rubuta maƙala a kan ra'ayin Darwin game da asalin ɗan Adam, mahaifinsa ya titsiye shi. Wannan bai jawo wa Mahfuz abin da littafinsa Auladu Haratina ya jawo masa ba. Shi Auladu Haratina, da aka buga a jaridar Al-Ahram a 1959, mutane sun fahimce shi a matsayin siffanta Ubangiji da annabawa cikin rigar mutanen unguwa. Sai a Bairut aka buga shi littafi a 1967, an daɓa wa marubucin wuƙa a wuya a 1994, shekara 6 bayan ya karɓi kyautar Nobel, kuma littafin bai fito a Masar a hukumance ba sai 2006. Mai shakka da ke tambaya abu ne daban, taɓa zatin Allah ko Annabi (SAW) da izgili ko kwaikwayo abu ne daban. A nan gida kin san shari'ar Mubarak Bala, wanda babbar kotun Kano ta yanke wa shekara 24 a 2022 a kan rubutunsa na Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. In labarin na buƙatar yaron ya yi ɓatanci, ki nuna abin a fuskar waɗanda suka ji, ki bar kalmomin.

Muhawara ta fito-na-fito kada ta wuce sau uku a littafin, kuma kowace magana kada ta wuce rabin shafi ba tare da wani abu ya katse ta ba, ko shigowar Hajiya, ko kiran sallar da zai tashi ɗayan ya bar ɗayan zaune. Sauran duk a rayuwa za a gani. Yaya yake yi da azumi a gidan da kowa ke tashi sahur? Yana bin sahun Juma'a don kada a gane? Me zai ce wa yarinyar da yake nema, tunda a fiƙihun Malikiyya ridda tana warware aure kuma tana hana gado? Kuma kada ki mai da shi mashayi mazinaci don ki hukunta shi. Mai karatun da ke fama da irin tambayoyinsa zai ce ba ni ake nufi ba, ya rufe littafin.

Ƙarshen da aka saba, haɗarin mota, gadon asibiti, kalmar shahada a shafin ƙarshe, ba ya gamsarwa, don tirela ce ta kayar da shi, tambayarsa na nan ba a taɓa ta ba. In zai dawo, ki fara shuka dalilin tun babi huɗu ko biyar kafin nan. Gazali ya ce shakkarsa ta kai kusan wata biyu, kuma ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Kina iya barin yaron a kan hanya ma, bai iso ba amma ya daina gudu.

In kin gama, ki ba mutum biyu su karanta. Malamin tauhidi ya duba miki ko amsoshin yayan daidai suke da aƙida kuma ayoyin suna inda kika ce, sannan wani ma'abocin adabi ya gaya miki shafin da ya fara jin ana yi masa wa'azi. In a Kano za ki buga shi a takarda, ki tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i kafin ki kai maɗaba'a.