Amsa ga ɗan'uwan da birkin gaban motonsa ke rawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce in ka kama birkin gaba hannun birkin yana harbin yatsunka, kan moton na karkarwa, kuma mai gyara ya ce faifan birkin ne ya lanƙwashe, ka sayi sabo. Don Allah dakata da sayen tukuna. Irin ciwon da na sha ke nan, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Faifai ba ya lanƙwashewa haka kawai, akwai abin da ya lanƙwasa shi, kuma in ba a gano abin ba sabon ma hanyar tsohon zai bi. Kafin komai ka tuna: yaushe aka kwance ƙafar gaba? Ka yi faci kwanan nan?

Ni nawa a hannun wani mai faci ya lalace. Ƙusa ta shiga tayar gaba, na ba shi moton na tafi masallaci. Ina dawowa na iske ƙafar kwance bisa ƙasa, ɓangaren faifan ne a ƙasa, shi kuma ya ɗora gwiwa da dukan nauyinsa yana ɓanɓarar taya da liba. Na yi mishi magana, ya ce shi tun ban san moto ba yake wanga aiki. Ƙarfen nan kaurinsa wajen milimita 4 ne kawai a ƙananan motoci irin namu, ina zai ɗauki ƙato a kansa? Kashegari na ɗauko maiɗakina da ƙaramar ɗiyarmu za mu Jiratawa gaisuwa. Amalanken jaki ya fito mini daga gefen hanya, na kama birki, sai ya riƙa cizo yana saki, cizo yana saki. A cizon ƙarshe tayar gaba tana kan yashin da iska ta tara a bakin kwalta. Muka zube. Yarinyar Allah ya tsare, ƙujewa ce a goshi, amma salansa ta kwanta a ƙafar uwarta. Ina jin ihunta ina ƙoƙarin ɗaga moton, hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa. Wasu masu kabu-kabu ne suka tsaya suka janye shi. Zaninta ya manne da wurin ƙunar, sai da ruwa aka raba su. Ta daɗe ba ta iya durƙusawa ko girki, kuma tabon yana nan har gobe. Da na koma wajen mai facin ban nemi ko dala ba, so nake ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya dube ni ya ce moton dama tsoho ne. Wallahi wannan maganar ta fi faɗuwar yi mini zafi. Na bar shi da Allah, amma duk wanda na sani na hana shi kai mishi ƙafar gaba.

Saboda haka in za a yi maka faci ka tsaya a kai. A kwantar da ƙafar faifai na sama, ko a ɗora ta kan tsohuwar taya yadda faifan ba ya taɓa ƙasa.

Ka gwada da kanka a gida. Ka kafa moton a ƙafar tsakiya, wani ya danne baya har ƙafar gaba ta tashi, ka juya ta da hannu kana saurare. In kana jin shaf, shiru, shaf, a wuri ɗaya kowane zagaye, to faifan yana gugar filaket, wato takalman birkin da ke matse shi, a gefe guda. Ka ɗaure alli ko guntun waya jikin shokozoba, bakinsa dab da faifan, ka sake juyawa, za ka ga yana matsowa yana ja da baya. Iyakar karkacewar da kamfanoni ke yarda da ita ƙarama ce ƙwarai, mafi yawansu ba su wuce milimita 0.3 ba. Wanda idonka ya gani ƙarara ya riga ya wuce gona da iri. Kuma a jikin faifan an buga rubutu, MIN TH da lamba a gabansa, galibi 3 ko 3.5. Iyakar siranta ke nan. In ya cinye har can, yatsanka na jin tudu a bakinsa, zafi kaɗan ma zai murɗe shi, wannan kam a canza.

Kada ka yarda a buga shi da guduma ko a sa mishi wuta wai a miƙe. An yi mini haka bayan haɗarin, aka karɓi kuɗi, rawar ta ƙaru.

Wani abin da mutane ba sa dubawa shi ne gidan filaket ɗin, wanda ke cije faifan. Yana zamiya ne a kan wasu ƙarafa biyu masu rigar roba. Ƙurarmu ta hunturu da ruwan damina da muke kutsawa a cikin unguwa suna shiga nan, giris ya bushe, tsatsa ta kama. Haka fistan ɗin ciki yake maƙalewa. Sai birki ya zauna a kame kana tafiya ba ka sani ba, faifai yana ta gasuwa. Ka yi ɗan tafiya ba tare da ka taɓa birkin gaba ba, ka tsaya da na baya, ka kai bayan hannunka kusa da faifan. In kana jin hucin zafi, matsalarka a nan take. In ka ga launinsa ya koma shuɗi-shuɗi, ko filaket ɗaya ta cinye ɗaya na da kauri, duk labarin ɗaya ne. Ka duba murfin ɗan kwanon man birki da ke kan moton, an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi kaɗai za a zuba. Na ga yaron gareji ya ɗura man inji a ciki wai duk mai ne. Man inji yana kumbura robobin ciki, fistan ya ƙi komawa. Shi kansa man birkin yana shan danshi, duk shekara 2 ya kamata a zubar a sa sabo, amma wa ke yi a cikinmu?

Akwai kuma wanda faifansa lafiya lau yake a miƙe, shafe-shafen filaket ne suka manne a jikinsa. In ka sha birki da kaya a baya har ƙarfe ya yi zafi, ka tsaya kana riƙe da hannun birki gam, filaket tana barin tambarinta a wurin. Za ka ga baƙin tabo daidai siffarta. Kowane zagaye in ya zo nan sai ya cije. Wannan sanfefa mai laushi tana gyara shi, a goge fuska biyun, a sa filaket mai kyau. Masu arhar nan na kwali marar suna su suka fi yin haka. Kuma sabuwar filaket ana bi da ita a hankali kwanakin farko, kamawa kaɗan-kaɗan. Masu wankin moto ma ka ce su bari ya huce kafin su watsa ruwa.

Kayan gyara kam sai addu'a yanzu. Kwali ɗaya, suna ɗaya, abin ciki daban, kuma in ka mayar su ce an riga an ɗaura. Mutum ya wuni a rana yana neman jika biyu a cuce shi a ƙarfen da ransa ke kai. Hular kwano kuma ku daure ku riƙa sawa, har da yaran. Goshin ɗiyata da ya sami dutse maimakon yashi ban san me zan rubuta yau ba.

Ka ce kan moton ma yana karkarwa. Ka kama birkin gaba a tsaye, ka riƙa tura moton gaba da baya. In kana jin ƙas-ƙas a wuya, boris ɗin wuya ne ya saki. Ka kama ƙafar ka girgiza ta hagu da dama, in tana wasa boris ɗin ƙafa ne. In rawar tana nan ko ba ka kama birki ba, ka nemi taya mai ƙulu ko rim da rami ya buge. Shokozoba mai yoyon mai kuma yana jiƙa filaket ta riƙa fizga.

In duk an duba faifan ne dai, ka tsaya a kan makanike lokacin ɗaurawa. A kankare mazauninsa tas, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta karkata shi. A ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a bi su a jere ba. Kafin nan kada ka ɗauki iyali a kai. Ka faɗa mana irin moton da abin da ka gani da allin, akwai masu gyara na ƙwarai a cikinmu da za su ƙara maka. Allah ya tsare hanya.