Ku Tambayi Makaniki: Babur ɗin ƙanƙarata ya ƙi silo, sai na riƙe cok

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni mazaunin Manitoba ne a ƙasar Kanada, bara na sayi babur ɗin nan da ake hawa kan dusar ƙanƙara, na hannu ne, tsoho, silinda biyu kabireta biyu, injin tu-siturok. Ya yi min aiki lafiya lau har sanyi ya wuce, a watan Afrilu na tura shi gareji na rufe da tamfol da sauran mai a tanki. Toh yanzu Disamba na fito da shi, yana tashi in na ja cok amma ina sakin cok ɗin sai ya yi tuf tuf ya mutu, in kuma na danna totur yana gudu kamar ba abin da ya same shi. Na canza filogi duka biyun, na ɗaure sukurun silo ya ɗan daɗe yana ci, sai dai yanzu wani lokacin in na saki totur sai ya yi ta kuka a sama ya ƙi saukowa. Dan Allah ina matsalar take, kuma zan iya gyarawa da kaina?

Mai karatunku, daga Manitoba

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah koma ka kwance sukurun silon nan ka mayar da shi inda ka same shi, domin ba shi ne ya lalace ba, ka rufe ciwo ne da tsumma kawai. Kuma kar ka fita daji da babur ɗin nan tukuna, zan gaya maka dalili a ƙasa.

Abin da ka bayyana, wato yana ci da cok, yana mutuwa in an saki, amma yana gudu in an ba shi wuta, kusan kullum wuri ɗaya yake nunawa, ƙaramin jet ɗin silo, wato ɗan ƙarfen nan mai huji da mai ke bi ta cikinsa a kabireta, ya toshe. Yawancin tsofaffin baburan nan kabiretar Mikuni ce a jikinsu, kuma hanyar mai a cikinta kashi kashi ce. Daga silo har zuwa wajen kwatan totur ƙaramin jet ne ke ba inji mai, daga nan allurar da totur ke ɗagawa a cikin kabireta ta karɓa har kusan kashi uku cikin huɗu, sannan babban jet ya ɗauki sauran. Cok ɗin kuma ba iska yake toshewa ba kamar na wasu injina, wata 'yar hanya ce ta daban da yake buɗewa mai ya bi ta can. Kaga kenan in ka ja cok ka zagaye jet ɗin da ya toshe ne, kana saki inji ya rasa abin sha. Ramin jet ɗin nan kuwa wajen rabin milimita ne, wani ma bai kai ba, wata takwas fetur yana zaune a kofin kabireta yana bushewa, abin da zai bari wani ɗanko ne mai ruwan ƙasa ko kore kore, ɗan mitsitsi ya isa ya rufe ramin. Ga shi fetur ɗin da ake sayarwa a Kanada da Amurka yawanci akwai etanol a ciki har kashi 10 cikin ɗari, shi kuma etanol jan ruwa yake daga iska, sai ya haɗu ya ci ƙarfen kofin ya bar wani farin gari.

Zaka iya wankewa da kanka, ba wani abin tsoro ba ne, haƙuri kawai yake so. Fara da zuƙe tsohon man nan daga tanki gaba ɗaya, in ba haka ba ka wanke kabireta ka sake ɗura mata dattin. Rufe famfon mai in akwai, cire akwatin iska, kuma ka leƙa cikinsa da tocila domin ɓeraye na son yin gida a nan lokacin zafi. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowane tiyo. Sannan ka yi kabireta ɗaya ka gama ka haɗa kafin ka taɓa ta biyu, saboda a wasu injina lambar jet ɗin hagu da ta dama ba ɗaya ba ce, in ka haɗa su a faranti ɗaya ka shiga uku. Sukurorin kofin suna da laushi, ka samu sukundireba da ta zauna daram ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa, in kan ya cinye aikin minti goma ya koma na yini.

In ka buɗe kofin zakaga fulot, abin da ke yawo a saman mai yana rufe hanyarsa in kofi ya cika, ga babban jet a tsakiya mai kai irin na noti, shi kuma ƙaramin yana can cikin wani siririn rami a gefe, sai da siririyar sukundireba mai baki fulat zaka kai gare shi. Ciro shi ka ɗaga shi saitin fitila ka rufe ido ɗaya. Ya kamata ka ga haske zagaye tas kamar ƙwayar ido, in ka ga hasken ya yi rabi ko ya yi dishi dishi ko babu shi sam, ka kama ɓarawonka. A gefensa ma akwai 'yan ƙananan huji, su ma a duba. Jiƙa shi a man wanke kabireta, ka hura da iskar kwamfuresa, in ya ƙi ka zaro silin waya guda ɗaya na tagulla daga tsohuwar wayar wuta ka soka a hankali. Ban yarda da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe ba wlh, jet ɗin farar tagulla ce mai laushi, kana ƙara masa faɗi kaɗan ka canza lissafin man gaba ɗaya kuma ba zai koma ba. In ya yi kore sosai sayi sabo mai lamba ɗaya da wadda aka buga a jikinsa, hankalinka kwance.

Inda mutane da yawa ke yin rabin aiki shi ne su wanke jet su manta da jikin kabiretar. Akwai sukurun iska a gefe wajen bakin da ke kallon akwatin iska, kafin ka cire shi ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, taɓawa kawai banda matsewa, ka rubuta adadin. Cire shi da sifirin ɗinsa, ka fesa man wankin ta ramin ƙaramin jet, dole ka ga ya fito ta ɗan hujin da ke cikin maƙogwaron kabireta da kuma ta ramin iskan. In bai fito ba hanyar na nan a toshe ko da jet ɗin na ƙyalli. Sa tabarau, domin abin nan yana dawowa ido kai tsaye, kuma ka ware duk wata roba gefe don man wankin yana kumbura ta. Babban jet da allura su ma a wanke su.

Wajen haɗawa, silaid, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin kabireta in ka danna totur, yana da gefen da aka yanke, wannan gefen akwatin iska yake kallo. Danna totur ka tabbata duka biyun tare suke ɗagawa, kuma kana saki ka ji sun faɗo ƙas a tare. Sukurun iska ka mayar adadin da ka rubuta, galibi wajen zagaye ɗaya da rabi ne amma littafin babur ɗinka shi ne alƙali. A irin wannan kabiretar shigar da shi ciki ƙara mai ne, fito da shi ƙara iska. Sai inji ya yi zafi sosai ake saita silo, yawancinsu tsakanin 1,500 zuwa 1,800 a agogon juyi suke zama. Ka ɗaga bayan babur ɗin a kan abin tsayarwa yadda bel ɗin ƙasa ba ya taɓa komai, kowa ya kauce daga gaba da baya, domin kulocinsa da kansa yake kamawa in juyi ya kai wajen 3,000 zuwa 4,000, ba giya ba ce da zaka ce yana firi. Ƙofar gareji kuma a buɗe take, hayaƙin nan yana kashe mutum shiru.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, kukan da ka ce yana yi a sama ya ƙi saukowa. Zai iya zama ɗaurin da ka yi wa sukurun silo ne haɗe da ƙarancin mai, in haka ne wankin zai kawar da shi. Amma in ka gama komai tsaf ya ci gaba, toh inji na shan iska ta inda bai kamata ba. Duba robar da ta haɗa kabireta da inji, ka lanƙwasa ta da yatsa kana haska tocila, tsagewar tana ɓuya ne a cikin lanƙwasa ta ƙasa. Duba siririn tiyon da ya taso daga cikin inji zuwa famfon da ke tura mai zuwa kabireta. In duk lafiya, saura sil ɗin kirankishaf, wato robar da ke hana iska shiga ta inda sandar da ke juyawa ta fito daga inji, musamman na bayan kuloci. Gwajin da ake yi shi ne inji na silo ka fesa ɗan man wanki kaɗan a wurin da kake zargi, in muryar injin ta canza nan ne, amma nesa da salansa kuma abin kashe gobara na kusa da hannunka. Dalilin da ya sa na ce kar ka fita, tu-siturok in iska ta fi mai yawa zafi yake yi fiye da kima, ga iskar sanyi ta fi nauyi tana ƙara rage masa mai, kana cikin gudu fiston zai narke ko ya kame a silinda, kuma wannan a tsakiyar daskararren tafki cikin sanyin Manitoba ba maganar kuɗin gyara kaɗai ba ce. Canjin sil aikin buɗe inji ne, wannan kam kai wa mai gyara. Bayan ka ɗan zaga da shi ciro filogi ka duba bakinsu, ruwan ƙasa shi ake so, fari fat alamar ƙishin mai ne.

TAMBAYA: Malam nawa kuma akasin haka ne, yana silo amma da nauyi, hayaƙi kamar me, filogi na jiƙewa su yi baƙi, har mai na ɗiga ta tiyon ƙasan kabireta.

Wata mai karatu, daga Minesota

AMSA: Hajiya naki mai ne ya yi masa yawa. Ɗigar nan tana nufin 'yar allurar da fulot ke turawa ta rufe mai ba ta rufewa, ko datti ya tokare ta ko bakinta ya cinye ya yi zobe, a canza ta tare da mazauninta. A girgiza fulot ɗin a kunne, in an ji mai a ciki ya huje. Sannan a duba cok, wayarsa na buƙatar ɗan sakin jiki in an mayar da shi, in ta yi tsauri ko robar ƙasan fulanjar, abin da ke toshe hanyar man cok ɗin, ta taurare toh cok a jaye yake kullum ko da kin saki. In an gama a sa sababbin filogi, waɗanda suka sha mai ɗin nan ba kasafai suke dawowa daidai ba.