Tafin da ake yi wa azzalumin shugaba, biyayya ce ko tsoro?

Tambaya: Malam, wani abu yana ɗaure mini kai. Sai ka ga talakawa sun cika fili suna yi wa mai mulkin kama-karya tafi da kirari, ranar da ya faɗi kuma su ne dai a titi suna murna. Wannan ba munafunci ba ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ni ba zan kira shi munafunci ba. Dubi ƙasar Romaniya da ke gabashin Turai a zamanin Nikolai Chaushesku, wanda ya hau mulki a 1965.

Da fari son gaskiya aka yi masa. A watan Agustan 1968, da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Chekoslobakiya, ya fito bainar jama'a a Bukares, babban birnin Romaniya, ya yi tir da mamayar, mutanensa suka ji sun sami gwarzo.

Daga baya ne al'amari ya dagule. Bayan 1980 ya ɗaura aniyar biyan bashin ƙasashen waje ko ta halin ƙaƙa, aka riƙa fitar da abinci waje, na gida suna bin layin burodi da man girki. Ana tsakiyar sanyi a ɗauke wuta. Talabijin ta koma awa biyu a rana, galibi yabon shugaba. Ga 'yan sandan ciki, Sekuritate, da 'yan leƙen asirinsu a ma'aikata da unguwa. Magidanci ya san baki shi ke yanka wuya: kalma ɗaya ta isa ta raba shi da aikinsa, ta toshe wa ɗansa hanyar jami'a. Sai ya yi tafi da rana, da dare ya rage muryar rediyo yana sauraron tashar waje. Wallahi ina tausayin mutumin nan, domin 'ya'yansa yake karewa.

Abin da ya fi riƙe irin wannan mulki shi ne kowa ta ciki na ciki. Kai kana ƙin shugaba, maƙwabcinka yana ƙinsa, amma kowannenku yana ganin tafin ɗan'uwansa, ya ɗauka shi kaɗai ne. Shi ma shugaban tafin nan ya rufe masa ido. A Nuwamban 1989 jam'iyyarsa ta sake zaɓensa ba hamayya.

Tsakiyar Disamba aka harbe masu zanga-zanga a birnin Timishwara. Ranar 21 ga watan ya sa aka tara masa dubban ma'aikata a Bukares don su nuna goyon baya. Yana cikin jawabi sai ihu ya tashi daga bayan taro, talabijin tana nunawa kai tsaye, ƙasa duka ta ga fuskarsa ta rikice. A take kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Chaushesku ya yi alkawarin ƙarin albashi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari sojoji suka koma bayan jama'a, ya tsere a jirgi mai saukar ungulu. Ranar 25 ga Disamba aka harbe shi tare da matarsa Elena, kwana huɗu kacal bayan taron da ya kira da kansa.