Motata na zamewa idan an yi ruwa, wace taya zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramar mota, Peugeot 206, da ita nake kai yara makaranta. Ran nan an ɗauke ruwa ke nan, na taka birki a shataletale, sai bayan motar ya wulƙita gefe. Allah ne ya kiyaye, amma har yau gabana na faɗuwa. Mai faci ya ce in sayi 'yar Beljiyam mai manyan haƙora, wai ta fi sabuwa kama kwalta. In saya? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara kiyayewa. Kada ki saya.

Ki fara duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, girman taya da awon iska duk suna nan. Yawancin 206 na ɗaukar 175/65 R14. Ki tsaya a kan abin da aka rubuta, kada a ruɗe ki da mai faɗi, don mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa. A jikin tayar ki nemi inda aka rubuta Traction, wato ƙarfin kama jiƙaƙƙiyar hanya, ya kasance A ko AA, Temperature kuma, wato jure zafi, ya kasance A saboda zafinmu. In akwai takardar Tarayyar Turai a manne, hoton gajimare da ruwa shi ke nuna kamun jiƙaƙƙiyar hanya, daga A zuwa E. Ki ɗauki A ko B.

To, sai maganar mai facinki, wadda ta ishe ni ji. Kullum sai wani ya zura yatsa a cikin haƙoran taya ya ce mini, "Injiniya duba, ko taɓa ta ba a yi ba." Haƙori aikinsa korar ruwa daga ƙarƙashin taya. Mai kama kwalta ita ce robar kanta, roba kuwa tsufa take yi ta bushe ta yi tauri, ko da a ɗaki aka ajiye ta. Tsohuwar taya mai cikakken haƙori, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kamar silifas ce a kan sabulu.

Kuma da yawan masu manyan haƙoran nan tayoyin hunturu ne. An haɗa robarsu don sanyin da ya gaza digiri 7 da kuma ƙanƙara. Ki ɗora wannan a kan kwaltarmu a watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sai ta yi laushi ta riƙa lanƙwasa, birki ya yi nisa kafin mota ta tsaya, ta cinye cikin 'yan watanni. Alamarta hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya, da ƙananan tsage-tsage kamar an bi ta da reza. Kin san abin da ya sa suke zuwa da sauran haƙori? A ƙasar Ostiriya da ke Turai, idan zurfin haƙoran ya gaza milimita 4, doka ba ta ɗaukar ta a matsayin tayar hunturu. Sai su cire, mu kuma mu karɓa da hannu biyu muna cewa ta Turai ce. Ban ma zo kan masu sassaƙa sabon haƙori a suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi ba, su goge ta da baƙin mai tana ƙyalli. Abin haushi, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a bakin titi, masu kaki na wucewa ta gabansu safe da yamma. Wanda ya sayar miki ba ya cikin motar ranar da za ta fashe a hanyar Kaduna.

Ko sabuwa za ki saya, ki karanta shekarunta. A jikin tayar, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta shekara biyu ko uku a shago, ki bar wa mai shagon abarsa.

In kuɗin guda biyu kawai ke hannu, a sa sababbin a baya. Na san mai faci zai ce gaba, tunda nan inji da sitiyari suke. Amma abin da ya same ki a shataletale, bayan motar ne ya saki, kuma idan baya ya saki da wuya direba ya iya dawo da mota. Ki tsaya a kansa yana ba ta iska, da safe kafin taya ta yi zafi. Su kan ɗura 45 ko 50 da ka, alhali irin motarki ba ta wuce talatin da 'yan kai. Ki sayi naki ma'aunin ki ajiye a mota, kuma ki sa bakanike ya duba birkin baya da shokozoba kafin damina ta yi nisa.