Amsa ga uwar da 'yarta ke rubuta "writting" da t biyu

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki a kan yarinyarki da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, wadda kika ce kullum "writting" take rubutawa da t biyu, malaminsu ya sa ta kwafi daidai ɗin sau 50, amma da aka yi gwaji sai ta koma gidan jiya. Kin tambaya ko rashin mai da hankali ne. Ba shi ba ne. Shekarata 16 ina koyar da Turanci a nan cikin birni, ban taɓa riƙe ajin da babu masu wannan kuskure ba. Manya ma suna yi. In kin bi titin Zariya ki duba allunan masu sayar da kujeru, ba za ki rasa "dinning table" da n biyu ba. Ciwon ɗaya ne.

Horon sau 50 ɗin nan ni ma na daɗe ina bayar da shi. Wata rana na tsaya a bayan wata ɗalibata tana yin nata, sai na ga ta jera w daga saman shafi har ƙasa, ta dawo ta jera r, sannan i, a haka har ta kai g. Shafi ya cika tsaf, amma ko sau ɗaya ba ta rubuta kalmar a haɗe ba. Hannu ya gaji, kai bai san an yi ba. Daga ranar na daina. Kuma ban ga laifin malamin 'yarki ba, mutumin da ke da yara 80 ko 90 a aji, abin da lokaci ya ba shi kenan, ya zagaye kalma da jan biro ya ce a kwafa.

Tushen abin yana cikin kunnen yaranmu. Mu Hausawa in muka ninka baƙi, furta shi muke yi: baba daban, babba daban, kala daban, kalla daban. Yaron da ke zuwa Islamiyya kuwa ya san shadda tun yana ƙarami. To a Turanci t biyu ba shadda ba ce, ba a danna ta a baki. Aikinta shi ne ta nuna yadda za a karanta wasalin da ya zo kafin ta. A "written" wasalin gajere ne, "ri", shi ya sa t biyu. A "writing" kuwa "rai" ake cewa, don haka t ɗaya. Yarinyarki ta ga "written", ta yi lissafi cewa ai gida ɗaya suka fito, ta ɗauko t biyun ta kai can. Tunani ta yi, ƙa'idar ce ba a faɗa mata ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Sai in rubuta baba da babba a allo in ce su karanta, aji ya ɗauka da ƙarfi. Sannan in rubuta "hoping" da "hopping", "dining" da "dinner", "later" da "latter", in ce su rufe ido su saurara. Ba a jimawa wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai ba baƙin ne ya canja ba, wasalin ne." Da zarar maganar ta fito daga bakin yaro, rabin aikin ya ƙare.

Bayan nan sai in ba su tambaya guda da za su riƙa yi wa kansu kafin su ƙara -ing: uwar kalmar da e ta ƙare? In da e ta ƙare, a cire e, kada a ninka komai: write ta zama writing, dine ta zama dining, come ta zama coming. Wannan ta ƙarshen ki lura da ita, domin kunne kaɗai ba ya kama ta, kuma "comming" ya yi yawa a littattafan yara. In kuma gajeriyar kalma ce mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe, kamar sit, run, stop, a nan ake ninkawa: sitting, running, stopping.

Kada ki ɗauke shi ƙaramin abu. A jarrabawar WAEC, insha'i yana da maki 50, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya cinye goman nan duka, ga shi yaranmu suna da wani nauyin tun asali, na p da f, tunda babu p a baƙaƙen Hausa. Yana min zafi in ga yarinya mai basira ta zubar da maki a kan abin da minti goma zai gyara.

A gida, bayan magariba, ki yi mata shifta ta jimla 5 kawai, ba kalmomi tsura ba, kamar "I am writing a letter" da "I have written a letter". In ta yi kuskure kada ki karɓi biron. Ki ce ta karanta abin da ta rubuta yadda yake a takarda. In "writting" ne, bakinta zai ce "ritin", ita da kanta za ta ji ba haka ake faɗa ba. Ki bar ta ta soke, ta gyara da hannunta. Bayan kwana uku ki sake sako jimlar cikin wasu ba tare da kin sanar da ita ba, sannan bayan mako guda.

Kuma in kin samu dama ki leƙa makarantar ki gaisa da malamin, ki nuna masa littafin shiftar, ki roƙe shi ya riƙa sa ta karanta gyaranta a fili maimakon kwafa. Allah ya yi mata albarka, ya buɗa mata ƙwaƙwalwa.