Kada a ninka wa Hajiya Fybogel

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce likita ya rubuta mata Fybogel saboda bayan gida yana yi mata tauri, ta sha jiya da shekaranjiya ba ta ga komai ba sai kumburin ciki, shi ne kike tambaya ko a haɗa mata fakiti biyu lokaci guda. Don Allah kada ki haɗa. Na daɗe ina aiki a kemis, kuma wannan ƙorafin kusan kullum sai an kawo mana shi.

Mutane sun saba da irin su Dulcolax da senna, waɗanda za ka sha da dare hanji ya motsa, da asuba ka nemi buta. Fybogel aikinsa daban ne. Ɓawon irin wani tsiro ne da ake kira ispaghula ko psyllium, wanda aka fi nomawa a Indiya, wajen Gujarat da Rajasthan. Idan ya shiga hanji sai ya tsotsi ruwa ya kumbura, kamar garin kwaki da aka jiƙa, bayan gida ya yi laushi ya ƙara yawa, hanji ya samu abin turawa. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin a ga aikinsa sosai. Ke nan Hajiya ba ta makara ba tukuna.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne ruwa. Fakiti ɗaya, mai giram 3.5, yana buƙatar aƙalla mililita 150 na ruwan sanyi. A juya, a shanye nan take kafin ya yi kauri, sannan a bi shi da wani kofin. Na sha ganin an dama shi an ajiye a gefen tabarma, tsohuwa tana kurɓa kaɗan kaɗan har ya zama kamar kamu. Haka ba daidai ba ne, balle a zuba garin a baki a bushe. Yana iya kumbura a maƙogwaro ya shaƙe mutum, ko ya cushe a hanji idan ruwa ya yi ƙaranci. Shi ya sa ba a shan sa dab da kwanciya barci, kuma ba a ba wanda haɗiya ke yi wa wuya, kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Tsofaffinmu kuwa kin san su, gudun ruwa suke yi saboda fitsarin dare, ga zafin garinmu. Sai kin tsaya a kanta. Lokacin azumi ma, a sha shi bayan buɗa baki, ba a sahur a koma a kwanta ba.

Kumburin ciki da yawan fitar iska a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, ƙwayoyin hanji ne ke cin maganin suna fitar da iska, kuma yakan lafa idan ciki ya saba. In ya dame ta, ki tambayi likitan ko a rage zuwa fakiti ɗaya a yini, a ƙara daga baya. Ninkawa sai dai ya ƙara mata kumburin.

Idan tana shan wasu magunguna, kada a haɗa su a lokaci ɗaya, domin yana rage shigar wasunsu jiki, musamman maganin ƙarin jini, digoxin na zuciya, carbamazepine na farfaɗiya da maganin maƙoƙo. Mu dai mukan ce a bar tazarar awa 2 don a huta. Mai ciwon suga kuma ya riƙa gwaji, suga na iya sauka fiye da yadda ya saba. Wanda yake damawa ma ya guji shaƙar garin, wasu yana tayar musu da atishawa, ƙaiƙayi ko asma.

Amma akwai inda za a ajiye maganin a nufi asibiti ba tare da jira ba: amai, ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tsamtsam ko iska ba ta fita, jini a bayan gida, ko ramar da ba a san dalilinta ba. Haka nan idan kwana 3 sun wuce babu wani canji, a koma wa likita. Wani lokaci bayan gidan ya riga ya daskare a ƙasa, zuba masa ƙarin abu a sama wahala kawai zai ƙara.

Miyar kuka, kuɓewa, zogale, wake da gwanda duk suna taimakawa, haka ɗan tattaki a tsakar gida bayan cin abinci in ƙafa ta yarda.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba. Shin Hajiya tana shan tramadol ko kodin saboda ciwon gwiwa ko baya? In tana sha, ki gaya wa likitan tun yau, domin su kansu suna kashe motsin hanji, kuma irin wannan taurin ba Fybogel ake ba shi ba.